Ina Gishirin Yake Tafiya?

Shekara goma sha tara makullan makarantar nan suna ƙuguna.
Ni ke buɗe ƙofa tun duhu bai saki Hamilton ba,
in watsa gishiri a kan matakala
don kada ƙanƙara ta kayar da 'ya'yan mutane.
Ba wanda ya taɓa tare ni da tambaya.

Sai ran Larabar Toka.
Yara sun fito daga coci, kowa da baƙin gicciye a goshi,
Ligaya 'yar aji uku, mai giɓi biyu a gaba,
ta ja ni ta hannun riga:
"Mista Amilcar, in ƙanƙarar ta narke,
ina gishirin naka yake tafiya?"

Na ce narkewa yake.
Ta ce, "Sukari ma yana narkewa a shayi,
amma yana nan, harshe ne shaida."
Na yi tsaye da bokiti a hannu
kamar wanda aka kama da ƙarya.

Madam Wasylenko ba ta raba mu ba.
Halinta ke nan, ka kai mata tambaya
ta miƙo maka 'yar takarda,
ta ce manna a bango mu ga ko za ta haihu.
Ta kuwa haihu. Kafin Juma'a
bango ya cika har gindin hoton Maryamu.
Da dare nakan karanta, na jingine tsintsiya.

"Kifi yana jin ƙishirwa?"
"Wa ya fara zuba wa teku?"
Tesfalem ya rubuta, a ƙasar kakarsa
raƙuma ke ɗauko shi, fala-fala kamar ƙyaure.
Bronek ya ce a tasu ƙasar can ƙarƙashi ake haƙo shi,
har ɗakin addu'a aka sassaƙa a cikinsa.
Aka yi masa dariya, washegari ya kawo hoto,
masu dariya suka ji kunya.

Su ashirin da shida, cikin takalman roba,
kowa da kwalbar da uwarsa ta wanke,
suka bi ruwan daga bakin rariyata
zuwa kwalbati, zuwa rafi,
har inda tafki ya haɗiye shi bai ce komai ba.
Suka shuka wake a gwangwani goma.
Biyar da aka ba ruwan famfo suka miƙe,
biyar da aka ba ruwan matakalata
suka karya wuya.

Fada Dunleavy ya leƙo, suka yi masa caa:
"Allah ya yi tafkin don kifi ne ko don mu?"
Ya sosa sanƙonsa, ya daɗe,
ya ce, "Ku ba ni takarda ni ma."
Limami guda, ga shi a layi, a baya.

Sannan suka kira ni aji.
Kujerar ba ta kai gwiwata ba.
Na ba su labarin ubana a Aveiro,
yana jan gishiri da manjagara ba takalmi,
kaushin ƙafarsa kamar busasshiyar fadama.
Na yi shekara talatin ban ambaci sunansa da ƙarfi ba.
Ligaya ta soka allura a taswira, daidai garinmu,
ta ɗaura zare daga can zuwa nan.
Na ce toka ce ta faɗa min a ido. Ba su yarda ba,
sun saba neman gaskiya.

Yanzu rabin kofi nake watsawa, gauraye da yashi,
Tesfalem ke aunawa, ba ya ƙara ko ƙwaya.
Waken nan biyar sun kai taga.
Jiya da dare na manna tawa a ƙasan bango, ba suna:
"Wanda ya narke a ƙasar wasu, yana nan?"
Da safe na tarar an ja mata layi da jan fensir,
an rubuta a gefe, baƙaƙen suna tangaɗi:
"Muna bincike. Ka dawo Litinin,
ka zo da kwalba ɗaya."