Daƙiƙa Tara

Ina yarinya a Billiri,
in farfaɗiya ta ka da mutum a kasuwa, gudu muke,
wai ko yawunsa ka tsallaka sai ta bi ka gida.
Yau ga ni a asibitin Gombe, agogo a hannu,
ita nake jira
kamar manomi da hadarin gabas.

Malam Gidado tela ne a Bolari.
Wata biyar ke nan da allura ta faɗi daga hannunsa
bai duƙa ya ɗauka ba.
Ba ci, ba musu, ba amsa sallama.
An ba shi ƙwayoyi iri-iri,
shiru, kamar an shuka dusa.

Ran Talata muka sa masa lantarki.
Na ɗaure ƙafar dama tamau
don kada maganin sakin jiki ya isa can,
yatsun nan biyar su ne 'yan aikenmu.
Suka motsa. Ɗaya, biyu, uku.
A tara suka kwanta.
Dokta Mijinyawa ya duba takardar na'ura, ya cire tabarau:
"Yayyafi ne wannan, Saratu. Bai jiƙa ƙasa ba."

Muka shiga bin sawu.
Shekara sittin da takwas:
ashe ƙwaƙwalwa in ta tsufa
ɗanyen itace take komawa, ba ta saurin kama wuta.
Man da aka shafa masa a gefen goshi, shi ma katanga ne.
Farin maganin barcin nan mai kama da nono,
na ɗan cika hannu,
kuma ban jira ya lafa ba.
Wannan nawa ne. Na rubuta.

Can sai 'yarsa Dudu ta kwance bakin mayafi,
ga takardar ƙwayar barci, gurbi biyu ba komai.
"Sista, ya kasa runtsawa jiya."
Tausayi ya riga mu shiga ɗakin,
ya tura ƙofa.
Ban yi faɗa ba.
Wa zai zagi inuwa don ta hana shanya bushewa?

Ran Jumma'a na goge gefen goshin har ya yi fes,
na rage farin magani,
na matsa jakar iska, na matsa, na sake matsawa,
ƙirjinsa na tashi yana sauka kamar zugazugi.
Muka jira. Dokta ya ƙara wuta kaɗan.
Goma.
Ashirin.
Talatin da huɗu.
Layin takarda ya hau ya sauka kamar duwatsun Kaltungo,
sannan ya yanke tsaf.
Irin shirun da ake so ke nan.

Kowane zuwa ƙofar tana ƙara nauyi,
sai an ƙara turi.
A karo na shida ya farka,
ya daɗe yana kallon farar rigata.
"Wa ya ɗinka miki aljihun nan?
A karkace yake."

Dudu ta fita baranda da gudu, mayafi a baki.

Sau uku ya tambayi sunana a ranar,
ya kuma mance wanda ya kawo shi asibiti.
Dokta ya ce yawancinsa zai dawo.
Ban ce komai ba.

Da dare na rataye rigar a ƙusa,
na ja da baya na duba.
Shekara huɗu ina sa ta.
A karkace yake.