Mita Biyu da Rabi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna ruwan sama
a gonar gwaji ta Samaru.
Kullum ƙarfe bakwai, kwalba a hannu, biro a kunne,
in rubuta milimita goma sha biyu,
in rubuta babu, babu, babu.
Ruwan da na sani ke nan,
mai shiga kwalba ya zauna a ƙirga shi.

Sai ga autana Tanimu ya tafi inda ruwa ba shi da gaɓa.
Injin jirgin dakon kaya yake ba mai,
daga Ikko zuwa Tema, daga Tema zuwa Abijan,
yaron da ko Kubanni bai taɓa hayewa ba sai ta gada.

Jikata Ummita ce ta sa min abin a waya.
Bayan asuba, kafin mai koko ta sauke tukunya,
nakan zauna a zaure in gyara tabarau,
in latsa, shuɗi ya cika min tafin hannu.
Ƙananan kibau na gudu a kai kamar tururuwa sun ji ƙanshin gero.
Iska daga kudu maso yamma, kilomita talatin a awa.
Igiyar ruwa, mita biyu da rabi.

Na ɗauko sandar awo na jingina da bango.
Mita biyu da rabi ta wuce ƙofar zaure,
ta kusa taɓa indararo.
Na daɗe a tsaye ina kallon ruwan da babu.

Gambo ta leƙo daga tsakar gida: Me suka ce yau?
Na ce, lafiya lau.
Shekara arba'in da aure, ta san ƙaryata
daga yadda nake juya ludayi a kofi.

Wata Talata shuɗin ya koma ja.
Kibau suka dunƙule suna juyi waje ɗaya
kamar shirwa ta hango 'yan tsaki.
Mita huɗu. Ban ɗauko sanda ba.
Na kira, na kira, wata mace a cikin wayar
tana ba ni haƙuri da muryar da ba ta haifi kowa ba.
Kwana uku.
Ran na biyu na hau acaɓa zuwa madatsar ruwan jami'a,
na jefa tsakuwa, na kalli zoben da ta yi
yana faɗi, yana faɗi, har ya mutu a cikin ciyawa.
Iyakar ilimina na igiya ke nan.

Ran Juma'a ya kira, yana dariya.
Baba, kwanuka ne kawai suka zube,
kuku ya yi amai, ni ma na taya shi.
Na ce, sun ce mita huɗu.
Ya ce, huɗun waya daban, Baba, huɗun ciki daban.
Gambo ta ƙwace wayar,
ba ta tambayi iska ba, ta tambayi ko yana cin abinci.

Na sani tun ina aiki, a takarda,
hadarinmu ta gabas yake haɗowa
amma danshinsa daga wancan tekun iska ke ɗauko shi,
ta bi ta kan kurmi, ta haye Neja, ta haye Kaduna.
Sani ne na jarrabawa, ban taɓa jin sa a ƙirji ba.

Jiya da dare aka yi ruwan shuka.
Na fitar da tsohuwar kwalbar na dasa kusa da rijiya.
Da safe na ɗaga ta ga haske, na karanta,
sannan, da na ga babu mai kallo, na ɗanɗana.
Ba gishiri. Ya bar shi a can, wurin yaron.

Na buɗe littafi na rubuta: milimita tara.
Wayar tana aljihu, ban latsa ba tukuna.