Kwanon Kaka Malsun

Sunana Sori. A harshenmu ma'anarsa sauti.
Wanda ya zaɓa min shi yana bisa teku ranar da na zo duniya,
ya dawo ina da haƙora huɗu.

A Busan na tashi, a unguwar da ta hau gangaren dutse,
gida bisa gida kamar an jera kwalayen ashana.
Ina shekara shida aka rataya min mukulli a wuya
da igiyar takalmi.
Nakan buɗe ƙofa in ce, "Na dawo,"
firji ya amsa da gurnani.

Uwata tana feɗe kifi a kasuwar bakin ruwa
tun kafin fitilun titi su mutu.
Ta dawo hannuwa jawur, a kumbure,
ta tambayi makin jarrabawa, ba ta tambayi yadda na wuni ba.
Ban riƙe ta a zuci ba, gajiya ba ta bar wa bakinta wuri ba.
In jirgin babana ya sauka
cokula kaɗai ke magana a teburinmu,
sai dare ya raba in ji faranti ya gamu da bango.

Makaranta uku cikin shekara huɗu,
kuɗin haya ke kora mu gaba.
Duk ajin da na shiga an riga an raba kujeru,
an raba sirri, an san wa ke riƙe hannun wa.
A ta ukun wata yarinya, Chaerin, ta toshe hanci:
"Wa ya shigo mana da kasuwa aji?"
Dariya talatin.
Sau uku na wanke rigar a daren.
Ƙarnin ya bar riga, ya tare a kaina.

Daga nan matakalar bayan ɗakin kiɗa ta zama teburina.
Na koyi tauna shinkafa ba a ji.
Malamai suka rubuta: "Natsattsiya ce, ba ta da matsala."
Ai tulun da ya tsage ta gindi
ba ya ƙara, tsiyaya yake.

Sha biyar, sha shida, darasi har goman dare,
bas cike da kawuna masu gyangyaɗi,
kowa abokin takarar kowa.
Wata ta taɓa miƙo min kunne ɗaya na abin jin waƙarta.
Na ɗauka tarko ne, na kau da kai.
Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi.
Har yau ban san wace waƙa ce ba.

Yanzu ashirin da huɗu.
Ina tsaron kanti daga dare zuwa asuba,
mutum ɗari biyu ke giftawa gabana,
"A sa a leda?" ita ce doguwar hirata.
Wayata cike da lambobi, rumbu cike da ƙaiƙayi.
Ƙofar ɗakina ba ta son mukulli, lamba ake danna mata,
amma igiyar nan tana wuyana, ina jin gogarta.

Ran Talata tsohuwar da ke samana, Kaka Malsun,
ta ajiye min kwano a bakin ƙofa,
kabeji mai tsami da yaji, da 'yar takarda:
"Na yi da yawa."
A tsaye na cinye, ido na zuba,
na ɗora wa barkono laifi.

A nan ba a mayar da kwano wayam.
Na sayi lemu biyar na zuba.
Kwana uku ke nan yana kan tebur,
ɗaya har ya fara laushi.
Matakala goma sha takwas ce tsakaninmu, na ƙirga.
Jiya na kai ta sha ɗaya,
na ji rediyonta, na ji tarinta,
na juyo.

Yau na sa takalmi, kwano a ƙirji.
Ina gwada maganar a baki, a hankali,
kamar mai taɓa ruwan wanka da yatsa:
Kaka, ni ce.
Sori ce.