Wurin da Ya Rage

Kwamfutar kakana Otar ta ce ta ƙoshi.
Layin nan na ƙasa ya rine ja wur,
ga kaset ɗari da sha bakwai
a kwalin takalma, ƙarƙashin gado,
ba a juye ko ɗaya ba.

Shekara talatin yana hawan duwatsun Racha
da rikoda a jaka,
yana bin tsofaffi har gindin inabi.
Su uku sukan haɗa murya: ɗaya sama, ɗaya tsaka,
ɗaya can ƙasa, kamar ana jan turmi a kan daɓe.
Yau dukansu suna cikin akwatin ƙarfe mai ruwan toka
a hawa na huɗu, a Kutaisi,
akwatin kuwa ya ce masaka tsinke babu.

"A goge wasu mana," in ji Gocha maƙwabcinmu.
Kaka bai tanka ba.
Ya yi masa kallon wanda ya ce
a rage kaburbura, maƙabarta ta cika.

Na sayo faifan ajiya biyu a shagon bayan kasuwa,
kowanne da nauyin rabin bulo,
a naɗe cikin leda mai sheƙi.
Na zare waya daga bango.
Na dafa bututun ɗumama ɗaki tukuna,
don wutar da ke laɓe a yatsuna ta sauka,
kada ta kashe abin da ban ma soma ba.

Da na buɗe murfin gefe,
ƙurar shekara tara ta yi mini sallama.
Ta yi wa fanka gemu.
Kaka ya riƙe tocila, hannunsa na rawa,
haske na yawo a cikin akwatin
kamar mai neman ɗansa a taro.

Gurbi biyu a sarari, ɗaya bisa ɗaya.
Na zura na farko, ya shige lafiya lau.
Na biyun ya ƙi, sai da na lallashi wayoyin da suka tare hanya.
Siririyar waya ta magana, faffaɗa ta wuta,
kowacce da bakin da ba ya karɓar kuskure.
Noti ɗaya ya suɓuce,
ya yi ƙara sau biyu, ya yi shiru.
Muka girgiza akwatin kamar asusu
har ya faɗo kan silifas ɗin Kaka.
Ya yi dariya. Rabon da in ji ta tun kafin sanyi.

Na danna.
Fanka ta ja numfashi.
Sai wani ɗan kaɗe-kaɗe a ciki, ƙas, ƙas,
baƙi biyu suna gyara zama.
Allo ya ce a raɗa musu suna.
"Lamara," in ji shi, bai ko yi tunani ba.
Na biyun fa?
"Bar shi. Bai yi komai ba tukuna."

Kwana goma sha ɗaya muna juye kaset.
Kogin Rioni na ta surutunsa a bayan taga,
matattu na ta waƙa a falo.
Da na ƙarshe ya ƙare, na nuna masa layin:
shuɗi ɗan mitsitsi a gefe,
sauran fari fat, har ƙarshen ido.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Nestan, duk tafiyata ke nan?
Wannan ɗan yankin?"
Na ce sauran wuri ne, Kaka, wuri kawai.

Ya daɗe yana duban farin.
Can ya jawo kujera kusa da makirufo,
ya gyara murya.
Ta ƙasa ce tasa, mai jan turmi.
Sauran biyun an binne su tuni.
Ya ce, "Danna jan nan.
In na tsaya kada ki kashe.
Wurinsu ne."