Jan Biro

A shagon kwamfuta na bakin tashar Bajoga
na biya ɗari biyu a duba mini suna.
Yaron ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ɗago kai:
"Zuwaira Manu? Babu.
Ki jira jeri na biyu."

Ni na san inda sunan ya zube.
Ba a ɗakin JAMB ba ne.
A aji huɗu ne, zango na biyu,
Malam Kwairanga yana ta fama da alli a allo,
ni ina kujerar baya ina ƙirga cinikin awara.
Talatin da ɗaya ya ba ni, da jan biro.
Na ninke takardar, na ƙunshe yaji da ita.

Na ce ai da saura, shekara uku tafiya ce.
Ashe rami ƙarami da ka tsallake da dariya
shi ke jiranka a ranar WAEC, ya yi baki.

Rifkatu kuwa, da muke wa tsiya
don tana zama bayan an tashi,
ita da 'yan muhawara da kwalaben gwaji,
jiya ta wuce Kashere da akwati a ka.
Ta ɗaga mini hannu. Na ɗaga.

Litinin Bappah zai shiga aji huɗu.
Na karɓe farantin daga hannunsa.
Na kakkaɓe tsohon littafin lissafina,
gara ta ci bangon, ta bar tambayoyin.
Muka buɗe shafi na farko,
fitila ɗaya, mu biyu.