Inuwar Bedi

A Garin Malam, bayan la'asar,
inuwar bedi ba ta da maigida.
Benci ɗaya, ƙafa uku da dutse,
wanda ya riga zuwa shi ke da tsakiya.

Kiyari tela ya zo da zare a leɓe.
Mushe Zabairu, alli har gira,
ya zauna ƙasa, don ɗan dako ya riga shi.

Maganar famfo ce yau ma:
kwana tara ko tari bai yi ba.
Wani ya ce laifin mai unguwa,
wani ya ce na waɗanda muka dangwala wa.
Murya ta hau, ta hau,
har Gaptiya mai ƙosai ta buga matsami:
"Ku da ba ku ɗaukar jarka,
ku bari in faɗi nawa ake saye."
Aka yi tsit. Ta faɗa. Mushe ya rubuta.

Kofi ɗaya ya zaga baki goma,
bai tambayi jam'iyyar kowa ba.

Jiya na ga turaku,
da jan fenti a gindin bedi.
Wai shago za a yi.

To, in an sare,
ina za mu zauna mu yi gardamar saran?