Mai Kwana Biyu

Talata da Alhamis ni na Hajiya Cima ne,
sauran kwanaki wasu ke da ni.
Ba ta iya biyan kwantabul wata cur,
sai ta ɗauki kashi guda a kaina
kamar mai shiga watanda.

Nakan iso kafin injin ya tashi,
in jingine mashin a gindin bedi,
ƙamshin soyayyar gyaɗa ya tarye ni tun ƙofa.
Teburina buhu biyu ne da tsohon ƙyaure.

Ran farko ta turo mini kwano cike da takardu,
rasit ɗin wuta, bayan kwalin shayi,
ta nuna bango, inda aka ja layi da gawayi:
"Wannan ma ka kwafe, bashin Nomau ne."
Sati uku ina tsinta
kafin in san ina kai, ina wutsiya.

Ta ce, "Malam Sha'aibu, mai yana fita,
bido ɗari biyu duk sati.
To wace rijiya kuɗin ke faɗawa?"
Na ce, Hajiya, babu ɓarawo a gidan nan.
Aljihunki da na injin ne suka zama ɗaya.
Suna a Bagalam, jikka goma.
Gaisuwar rashi a Tibiri, jikka ashirin da buhu.
Injin bai san ya yi zumunci ba.

Ta yi dariya har da share hawaye,
sannan ta daina amsa gaisuwata sai da kai.

Na yanka mata albashi cikin dukiyarta.
"A gidana za ka ba ni albashi?"
I, a gidanki.
Ki ci naki, ki bar wa gyaɗa nata.
Tiya sau ɗaya take araha a shekara,
wanda kaka ta iske hannunsa wayam
da bazara zai saya yana tsaki.

Na Jibiya ya fi ciwo.
An kai mai bashi, an yanke da naira,
wata uku kuɗin na kwana a hannun mutane.
Da suka ƙetaro Ɗan Isa sun rame.
Lambar na nan yadda take a takarda,
amma sefar da ɗan canji ya ƙirgo
ko kuɗin bido ba ta rufe da kyau ba.
Na ce daga yau ciniki da sefa,
ko a biya kafin Juma'a biyu.
Dillalai biyu suka yi zuciya.
Ɗaya ya dawo.

Da dare lambobin gida uku
suna yawo a kaina kamar jajayen awaki:
fulawar mai burodi, fatun Alhaji Labo, gyaɗar Hajiya.
Ban taɓa barin akuyar wani
ta kwana a garken wani ba.
Mai burodi ya tambaye ni
ko da gaske Hajiya na neman bashin banki.
Na ce, burodinka ya ji gishiri yau.

Alhamis da ta wuce na makara,
tayar gaba ta yi faci a Mokoyo.
Na iske littafin a buɗe,
tabarau a kan hancinta,
Zuwaira na karanto mata layi layi.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Jikka huɗu na masu amalanke, ina ka sa su?"

Na duba. Na sake dubawa.
Ban sa su ko'ina ba.

Wata rana za ta ce Alhamis kaɗai ta isa.
Na sani, tunda ni na nuna mata
ƙofar da za ta sallame ni ta ciki.
Na gyara layin da jan biro tana kallo.

Da na fito bayan la'asar
na ga leda rataye a ƙahon mashin,
ƙuli-ƙuli da sauran zafinsa.
Daga ciki na ji muryarta:
"Zuwaira, rubuta shi.
Dala hamsin, kyautar kwantabul."